Katin da Zan Riƙe a Osaka

Litinin, 6 ga Oktoba, 4:20 na yamma

Wannan littafi ba don rubutu aka sayo shi ba. Yayarsu, babbar 'yata, ce ta kawo min shi jiya, ta ce a Japan tashoshin jirgin ƙasa da yawa suna da hatiminsu, matafiyi ya ɗauka ya buga a littafinsa don tunawa. Shafi sittin ne, mu kuwa kwana huɗu za mu yi. Ko tsere za mu yi da jiragen ba za mu cika shi ba, don haka na ari shafukan baya. Ba ni da wanda zan gaya wa. Babansu da na buɗe baki sai ya ce in yi addu'a, kamar an ce masa ba na yi.

Osaka za mu, ni da ita kawai. Ni Karimatu, mai dafa wa yaran firamare dankali da wake a Dagenham, wadda shekara talatin a London har yau in na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ni kaɗai sai na wuce tashata. Ranar Asabar 25 ga wata za mu tashi, lokacin hutun makaranta. Ranar 10 ga Nuwamba za a yi mata aikin tiyata. Ita ta tsara haka, gari tukuna, asibiti daga baya. Likitanta bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce zai duba.

Abin yana cikin kanta, ta hagu. Sun nuna min hoton. Ba zan rubuta sunansa ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, 6:00 na yamma

Ta dawo daga aiki ta ture min kwanon albasa gefe, ta baje taswira a teburin kicin. A laburaren wata jami'a take aiki a Bloomsbury, komai nata a jere yake, har yawon buɗe ido sai da ta yi masa jadawali. Shekara uku tana zuwa ajin koyon Japananci, ni duk na ɗauka abin yarinta ne zai wuce.

Rana ta farko tsohuwar fadarsu mai ganuwa da ruwa kewaye. Rana ta biyu gidan kifaye, wai akwai kifin da ya fi motar Babansu tsawo. Rana ta uku za mu hau jirgi zuwa Nara, inda barewa ke yawo cikin mutane, in ka miƙa musu biskit su sunkuyar da kai. Na ce ashe barewar Japan ta fi 'ya'yan London ladabi. Ta yi dariya har ta dafe kai. Da na ga hannun ya tafi wajen sai tawa dariyar ta tsaya.

Ta ce, "It's just laughing, Umma."

Rana ta huɗu Kobe, akwai tsohon masallaci, can za mu yi azahar. Ta ce a ƙasar alƙibla wajen yamma take. Ni da na tashi ina fuskantar gabas, sai na tsufa zan juya mata baya.

Na lissafa mata abubuwan da nake tsoro: girgizar ƙasa, ɗanyen kifi, awa goma sha huɗu a sama, da bayan gida mai maɓallai da ta nuna min a waya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kwantar min da hankali. Ita ce ke lallashina, ni ina yanka albasa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, 7:10 na safe

Ta sha shayi, ta ci burodi rabi. Lafiya lau.

Asabar, 11 ga Oktoba, 2:30 na rana

Yau ta ba ni kati. Ɗan ƙarami ne, girman katin banki, ta rubuta shi da rubutunsu mai kama da zanen lalle. Ta ce in na ɓace in nemi ɗan ƙaramin ofishin 'yan sanda, ana samunsu kusa da tashoshi, in miƙa musu. Abin da ke jiki: na ɓace, ba na jin yarenku, ina neman 'yata, ga lambar wayarta, ga otal ɗinmu. A ƙasa akwai layi guda babu komai a kai.

Hausa nake mata, Turanci take maido min, haka muke tun tana 'yar shekara biyar. Da Turanci ta faɗi abin da ta faɗa, amma da Hausa zan rubuta, don da Hausa ya shige ni.

Na ce, "Wannan layin fa?"

Ta ce, "Sunan wadda kike nema. Ke za ki cika."

Na ce, "Ai hannunki ya fi nawa kyau, ki rubuta kawai."

Ta ce, "Umma, in ɗan sanda ya tambaye ki sunan 'yarki, me za ki ce masa? Yayarsu?"

Na tashi na ce tukunya tana ƙonewa. Babu komai a kan wuta.

'Yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa rubuta shi ba. Innata a Zariya har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunan Yaya Aziz ba, kuma duk unguwa an san shi ne ranta. Haka na gani, haka na yi. Ranar suna a ɗan ɗakinmu na Peckham, da aka raɗa shi na sunkuyar da kai, matan suka yi ta tsokanata, na ji daɗi an ce ina da kunya. Ina ce mata "Ke" har aka haifi Zarah da Fa'iz, daga nan ta zama Yayarsu. Takardun makaranta da na asibiti Babansu ke cikawa. A wayata ma Yayarsu na sa.

Katin yana cikin fasfo ɗina.

Litinin, 13 ga Oktoba, 5:00 na yamma

Na raka ta asibiti. Likitan ya zana kai a takarda, ya sa ɗigo. Ya ce wurin yana maƙwabtaka da inda ake ajiye kalmomi. Wasu in sun farka daga aikin magana takan yi musu nauyi, sunaye su ne ke fara guduwa, wani lokaci su dawo da wuri, wani lokaci su jima. Na jira ya ƙara na uku. Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Ita kuwa cewa ta yi in dai Japanancinta bai gudu ba, da sauƙi, ta sha wuya kafin ta koya. Likitan ya yi murmushi. Ni ji na yi kamar in kwaɗe ta.

A bas ta gaya min a Osaka ma a dama ake tsayawa kan matakalar lantarki, kamar nan, ba kamar Tokyo ba. Ta ce, "See? You're already trained." Na ce Allah ya sa.

Laraba, 15 ga Oktoba, 4:45 na yamma

Tabitha ta shigo da faten acca. Maƙwabciyata ce 'yar Jos, nas ce, shekara ashirin muna musayar kwano ta kan katanga. Ta ga katin a hannuna, na gaya mata.

Ta ce, "Hajiya Karime, kin fa san nan ba Zariya ba ce. A can yaro yana ganin kakarsa ta yi, gwaggonsa ta yi, ya san so ne. Nan wa ta gani? Yaran nan abin da ba a faɗa musu ba, a wurinsu babu shi."

Na ce, "To ni da na goya ta cikin dusar ƙanƙara ina zuwa sharar ofisoshi, sai na faɗi suna za ta san uwarta ce ni?"

Ta ce, "Ni dai na gaya miki. Kalma ɗaya ce, ba cheque za ki yi signing ba."

Na ji haushinta, na kuma cinye faten. Bayan ta tafi na ɗauko biro. Na ɗora a kan layin, sai na ji kamar Inna tana zaune a kujerar da Tabitha ta tashi. Na mayar da biron aljihun tebur.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 7:05 na safe

Ta nemi kalmar cokali ta rasa. Ta tsaya tana kaɗa hannu a kan kofi, sai ta ce "the thing". Ta yi dariya. Lafiya lau.

Alhamis, 3:50 na yamma

Ba lafiya lau ba ne. Na zuba gishiri sau biyu a miyar yara ɗari biyu.

Asabar, 18 ga Oktoba, 5:30 na yamma

Yanzu muka dawo gida.

Ta ce mu je Stratford in yi gwaji, don tashar Umeda ta Osaka ta ninka ta girma da cunkoso, gara in saba. Ranar Asabar ce, ga 'yan kallon ƙwallo, ga masu zuwa kasuwa, mutane kamar an buɗe buhun gero. Ta ce in bi ta a baya, in karanta allunan da kaina. Jan mayafi ta yafa. Ina binsa, ina binsa, wani mai keken jarirai ya ratsa tsakaninmu, na ɗaga kai babu jan mayafi.

Ba ɓata na tsorata da shi ba, na san hanyar gida daga Stratford. Ƙasa nake dubawa. Ina ta leƙen tsakanin ƙafafun mutane ko ta faɗi ana taka ta. Can na hango jan abu nesa, wajen ƙofofin tikiti, yana tafiya. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ke! Ke!" Wasu Turawa biyu suka waiwayo, suka ci gaba. Na sake cewa, "Yayarsu!" A tsakiyar London, mace mai shekara hamsin da huɗu tana ihun Yayarsu. Jan abin ma ba ita ba ce, jakar wata ce.

Sai na ji an taɓa kafaɗata. Tana bayan wani ginshiƙi, taku biyar daga inda nake, tun farko.

Ta ce, "I was right there, Umma. I waited."

Na ce, "Kin san abin da kika yi min kuwa? Na zaci kin faɗi!"

Ta ce da Turanci, a hankali, "Kin zaci na faɗi, kuma duk da haka."

A jirgi ta jingina kai da taga, ni ina kallon gefen kanta na hagu. Ta sauka ta sayi madara kamar babu abin da ya faru.

Lahadi, 19 ga Oktoba, 1:15 na rana

Zarah ta zo daga jami'a. Muna wanke-wanke na ba ta labarin jiya, ina jiran ta ce yayarta ba ta kyauta ba. Ta kashe famfo.

Ta ce, "Umma, kin san Yaya tana Year Four ta taɓa bincika drawer ɗin Baba tana neman adoption papers?"

Na ce, "Takardun me?"

"Ta ɗauka ɗauko ta kuka yi. Ta ce min, ke da Fa'iz Umma tana kiranku sau ɗari a rana, ni ko sau ɗaya. Baba ya yi mata explaining daga baya, ta gane. Amma ganewa daban, Umma."

Shekara tara take lokacin. Na tuna shekarar, ita ce na ɗinka mata rigar sallah mai ruwan hoda da hannuna, sati biyu ina yi, na sayo wa sauran nasu a kanti. Na ɗauka ta karanta rigar.

Litinin, 20 ga Oktoba, 6:50 na safe

Saura kwana biyar. Na sa takalma masu sauƙin cirewa a akwati, ta ce su ma ba sa shiga gida da takalmi. Na sa yaji da kilishi, ta fitar da kilishin, wai ba a shiga ƙasar da nama. Layin yana nan babu komai. A jirgi zan cika shi, na yi wa kaina alkawari. A sama babu wanda ya san Inna.

Talata, 21 ga Oktoba, 6:20 na yamma

Ina zuba wa yara abinci waya ta yi ƙara a aljihun rigar aikina. Abokiyar aikinta ce. Tsakanin kantocin littattafai suka same ta a sume.

Ta farfaɗo. Tana magana. Sun riƙe ta a asibiti. Ranar Juma'a za a yi, ba za su jira Nuwamba ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, 8:00 na safe

Babansu ya ce ya yi cancel ɗin komai, jirgi da otal. Ya ce in kwashe kayan akwatin. Na ce kada wanda ya taɓa min shi. Yana nan a buɗe a falo, muna kewaya shi.

Alhamis, 23 ga Oktoba, 5:40 na yamma

Na shirya tun daga gida. A bas ina ta juya shi a bakina ba sauti, gaɓa gaɓa, kamar mai koyon karatu. Suna ne mai kyau. Ni na zaɓe shi, na gaya wa Babansu a kunne tun ina da cikin wata bakwai. Wannan ma ba ta sani ba.

Babansu ya fita salla, Zarah ta tafi sayo ruwa, aka bar mu mu biyu. An yi mata zane da alƙalami a gefen kai inda za a aske. Na ja kujera, na riƙe hannunta, abin da rabona da yi tun tana tsallaka titi da ni. Na ja numfashi. Ta dube ni, ta gane.

Ta ce, "Don't."

Na ce, "Ki bar ni in faɗa."

Ta ce, da Turancinta, "In kika faɗa yau, na san kin fid da rai da ni. Shekara ashirin da tara kina riƙe da shi, ba za ki sake shi a gefen gadon asibiti ba. Ki ajiye min sai Osaka. Ki ɓace a Umeda, ki yi ta ƙwala min kira har Japanawa su ji kunya."

Na ce, "In kuma..."

Ta ce, "Umma."

Na dawo gida da shi a bakina kamar yadda na fita da shi. Da ta roƙa na hana, da na kawo ta ƙi karɓa, kuma laifin duk nawa ne. Ina tsoro. Ina tsoron gobe a shiga da ita ta tafi ba ta taɓa jin yadda yake a muryata ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, 7:40 na safe

Sun shiga da ita. Ta ɗaga min yatsu biyu, irin yadda ta ce 'yan matan Japan ke yi a hoto.

Juma'a, 11:00 na safe

Shiru. Babansu yana jan carbi, Fa'iz ya iso daga Manchester. Na karanta jadawalinta sau uku. Rana ta biyu, ƙarfe goma, gidan kifaye. Ta rubuta a gefe da Turanci: Umma za ta tambaya ko ana cinsu.

Juma'a, 1:30 na rana

Shiru.

Juma'a, 4:15 na yamma

An fito. Likita ya ce sun cire abin da za su iya cirewa. Ba za su tashe ta ba sai gobe. Ya ce sauran, sai ta farka za a sani.

Asabar, 25 ga Oktoba, 3:30 na yamma

Da yanzu muna sama.

Mutum ɗaya suke bari ya shiga. Babansu ya miƙe, sai ya dube ni, ya koma ya zauna. Ya ce, "Je ki."

Kanta naɗe da farin bandeji, fuskar ta kumbura, idon hagu da ƙyar yake buɗewa. Nas ɗin, wata doguwa mai sanyin murya, ta haska mata ido, ta ce ta matse mata hannu. Ta matse. Ta ce ta motsa yatsun ƙafa. Suka motsa. Na ce Alhamdulillahi a raina. Sai ta sunkuya ta ce, "Can you tell me your name, love?"

Leɓunanta suka motsa, babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Na ga tana nema, idon yana yawo daga rufi zuwa labule zuwa fuskar nas ɗin. Hannunta ya fara kaɗawa a kan bargo kamar ranar cokali. Numfashinta ya ƙaru, na'urar da ke gefe ta fara sauri. Nas ɗin ta ce ba komai, a hankali, za a sake gwadawa anjima. Amma na ga tsoro a idon nan. Ta ɓace, tana kwance a gabana ta ɓace, kuma babu katin da za ta miƙa wa kowa.

Sai idon ya sauka a kaina ya tsaya.

Ban tuna Inna ba. Ban tuna alkawarin Osaka ba. Na matsa har bakina ya kusa taɓa bandejin, na ce, "Ummukulthum."

Muryata ta fashe a tsakiya, sai na sake, da ƙarfi, yadda ya kamata in yi a Stratford. "Ummukulthum. Sunanki ke nan. Ni na zaɓa miki."

Hannun ya daina kaɗawa. Ta daɗe tana kallona. Can leɓunan suka sake motsawa, na sa kunne.

Ta ce, "Na'am."

Da Hausa. Ita ce kalmar da ta fara samowa, kuma ita kaɗai ta faɗa yau. Likita ya ce ba zai yi min alkawarin sauran ba. Na ce na ji.

Lahadi, 26 ga Oktoba, 8:10 na safe

Na ari biro a teburin nas-nas na cika layin. Rubutun ya karkace, ya ɗan wuce bakin katin. Na jingina shi da kofin ruwanta inda za ta gani in ta buɗe ido.

Akwatin yana nan a falo. Shafukan gaba na littafin nan ban taɓa su ba, na hatimi ne. Ummukulthum tana barci, in ta tashi zan sake kiranta.